Jinjina ga Hajiya Caca, Uwar Ɗakin Masu Saƙa

Ranki ya daɗe Hajiya Caca, sannu da ɗawainiya. Mutane sun cika butulci. Kullum zaginki ake yi, daga kan mumbari har teburin mai shayi, babu mai tsayawa ya lissafa alheranki. Yau dai bari a ba ki haƙƙinki, musamman a kan hidimar da kike yi wa mata masu saƙa, waɗanda kika riƙa hannu bibbiyu kamar ke kika haife su.

Duk wanda ya zauna da mai saƙar kayan sanyi ya san burinta. Ba ta neman gida a Abuja, ba ta neman mota. Shagon zare take so. Za ka same ta bayan la'asar a kan tabarma, kwarashi a hannun dama, zare ya zagaye manuniyar hagu har ya yi mata sawu, bakinta na motsi tana ƙirga sarƙa don kada hular jariri ta fito a karkace. Hannu na aiki, zuciya kuwa tana can cikin shagon. Ɗan madaidaici ne a bakin titi, da kanta daga ƙasa har sama, zare jere launi-launi: ruwan hoda, ruwan toka, ruwan ƙwai, shuɗi, fari tas. Kwarashi manya da ƙanana a cikin kwalba, maɓallai a gefe, injin saƙa biyu daga ciki, ga benci inda 'yan matan unguwa za su zauna su koyi sana'a. Za ta riƙa saro kaya katan-katan daga manyan dilolin Kano. Sannan babban abin, ba za ta sake kai rabin shawul zare ya ƙare mata ba, ta aika yaro kasuwa ya dawo ya ce launin ya ƙare, ko ya kawo wani mai kama da shi wanda sai an haɗa su a rana ake ganin bambancin.

To wa ya saurari wannan buri? Banki ya ce ta kawo kadara da mai tsaya mata. Tallafin gwamnati ya ce ta cike fom ta jira. Maigida ya ce sai an ga yadda watan zai kasance. Ke kaɗai, Hajiya, kika buɗe mata ƙofa ba tare da kin tambayi takardar gida ba. Naira 200 kawai kika nema, kika ce ta zaɓi lambobinta daga 1 zuwa 90, za a fitar da biyar, in ta dace shago ya samu. Wannan sauƙin kai naki ko a cikin dangi sai an tona.

Adalcinki kuwa a rubuce yake, ba ki ɓoye wa kowa ba. In ta zaɓi lamba biyu suka fito cikin biyar ɗin nan, abin da 'yan harkar ke kira tu-shuwa, za ki ninka mata kuɗinta sau 240. Naira 200 ta zama 48,000 ke nan. Masu lissafi sun ce damar fitowar lamba biyu a irin wannan wasa ɗaya ce cikin kusan 400. Wato a matsakaicin lissafi, sai ta buga sau 400, ta zuba kusan naira 80,000, kafin ki miƙo mata 48,000. Sauran 32,000 ɗin kin riƙe mata saboda kin san kuɗi a hannun mace mai ƙaramin jari fitina ne, ƙila ta je ta ɓarnatar da su wajen sayen zare. Ranar da kika ba ta 48,000 ɗin kuwa, har buɗa za a yi a gidan, ta raba wa maƙwabta tukwici, ta yi miki addu'a. A duk faɗin kasuwa ban san wani ɗan kasuwa da zai karɓi dubu tamanin ya mayar da arba'in da takwas a kuma gode masa ba, sai ke.

Amma tu-shuwa ba ta buɗe shago. Shago sai babban kamu, sai lambobi biyar duka sun faɗo yadda ta rubuta su. Nan ma kin tanadar mata hanya. Akwai hanyoyi 43,949,268 da za a iya zaɓar lamba biyar daga cikin 90, kuma ɗaya daga ciki tata ce, babu mai ƙwace mata. In tana yankar tikiti ɗaya kowace rana, a matsakaicin lissafi za ta dace sau ɗaya cikin shekara 120,000 da 'yan kai. Malamai sun daɗe suna wa'azin haƙuri, amma ke ce kika samo hanyar koyar da shi a aikace. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa, kuma ba su faɗi shekara nawa ba.

Ga ilimi da kika yaɗa. Matar da a da ba ta ƙirga komai sai sarƙa da layi, yanzu tana da littafi na musamman inda take rubuta lambobin da suka fito makon jiya da na wancan makon. Ta san lambar da “ta daɗe ba ta fito ba”, ta san wadda “ke jan 'yar'uwarta”. Injin da ke fitar da lambobin ba shi da tunani balle ya tuna abin da ya fitar jiya, kowace jefawa sabuwa ce fil, amma kin kyauta da ba ki gaya mata ba, don kada ki kashe mata sha'awar karatu. Kin kuma farfaɗo da fassarar mafarki. Ta ga rago a barci, lamba ce. Ta ga ruwa, lamba ce. Lambar Keke Napep ɗin da ya kusa bige ta ma ba ta wuce a banza ba. Har masu sayar da lamba kin sama wa abin yi, waɗanda suka san abin da zai fito gobe amma saboda tsabar son jama'a suka gwammace su sayar da sirrin a kan 'yan canji, su koma gida a ƙafa.

Sai kunya da kawaici, waɗanda kika fi kowa. A da sai mutum ya je ɗan shagon katako a bakin tasha, ya tsaya gaban mai ɗan injin buga tikiti, kowa na ganinsa. Kin duba kin ga wannan bai dace da matar aure ba, sai kika shigo cikin waya. Yanzu ba sai ta sa mayafi ba, ba sai ta nemi izinin fita ba. Tana ɗaki, kwandon zare a gefe, za ta danna ta tura, kuɗin su fita shiru ko kishiya ba ta ji ba. Kuma ba sau ɗaya a rana ba, kin jera wasanni safe da rana da dare, don wadda ta faɗi da hantsi ta samu damar ramawa kafin magariba. Kuɗin kafin alƙalami da mai jego ta bayar don a saƙa wa jaririnta riga da hula da safa kafin suna, shi ma kin karɓa ba ki nuna ƙyama ba. In ranar suna ta zo kaya ba su haɗu ba, ai ba a ga fuskarki a wurin ba. Mai saƙa ce za ta tsaya ta yi rantsuwa cewa zare ne ya yi wuya a kasuwa.

Zaren kuwa ya yi tsada, wannan gaskiya ne. Farashinsa na bin dala, ita kuma dala tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga gwanjo ya cika kasuwa da rigunan sanyi masu araha. A irin wannan lokaci ne ake gane masoyi. Masaƙun Kakuri a Kaduna sun rufe sun bar ma'aikata, jari ya karye a hannun mutane da yawa, amma ke ko gezau. Duk sanda talauci ya ƙaru sai ki ƙara rassa, ki matso kusa da talaka. Wasu na gudun matalauci, ke nemansa kike yi har gida.

Martabarki ta wuce iyakar ƙasa ɗaya. A kudancin Najeriya har laƙabin Baba Ijebu kika samu, sunan ya bi motocin haya ya iso Arewa. A Ghana gwamnati da kanta ke da hukumar da ke gudanar da wasan biyar cikin casa'in. A Nijar akwai LONANI, ita ma ta gwamnati, inda mutumin Maraɗi ko Damagaram zai zuba kuɗinsa a kan dokin da ke sukuwa a Faransa, dokin da bai san da zamansa ba. A Najeriya kuwa, manya sun yi shekara 16 suna shari'a a kanki. Tun 2008 Jihar Legas ta kai ƙara, sai a watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da iko da cacarta. Duba irin daraja: gwamnatin tarayya da jihohi suna ja-in-ja a kan wa zai ba ki lasisi, wa zai karɓi harajinki. Mai saƙar da kuɗin ke fitowa daga lalitarta ba a wahalar da ita da zuwa kotu ba, an bar ta ta huta.

Masu hassada za su kawo maganar adashi. Za su ce naira 200 a kullum 1,400 ce a mako, 73,000 a shekara. Za su ce in mata goma suka haɗa irin wannan zubi, kowane mako ɗaya za ta kwashi 14,000, kuma kwasar za ta zagayo kanta sau biyar a shekara, ta sari zare da dozin maimakon ƙulli ɗaya-ɗaya, ribar kowace hula ta ƙaru. Haba, ina daɗin wannan? Adashi ba shi da bugun zuciya. Abin da ka zuba shi za ka kwasa, babu ƙari babu ragi, ga uwar adashi da naci, ga 'yan zubi da sa ido. Ke kuwa kina ba da abin da adashi bai taɓa bayarwa ba: awa biyu na mallakar shago tsakanin yankar tikiti da fitowar sakamako. A cikin awa biyun nan ta yi fenti, ta jera kaya, ta ɗauki yarinyar shago. In lambobi suka fito aka rushe, gobe ma rana ce, wata 200 ɗin za ta sake ginawa. Aikinki da jarinta kamar mai jan bakin zaren rigar da aka kusa gamawa ne, a hankali, layi bayan layi, ba a jin ƙara, sai dai a waiwaya a ga tulin zare a ƙasa.

Malamai ma suna cikin masu takura miki. Suna karanto hukuncinki daga Suratul Ma'ida, inda aka haɗa ki da giya aka ce a nisance ku. Sura ta 5 ce, aya ta 90. Ke kuma wasanki biyar cikin casa'in. Dacewar lambobi ce kawai, amma ga mai neman ishara a cikin lamba, wannan ta fi ta mafarkin rago ƙarfi. A Kano 'yan Hisbah sun bi shagunanki sun garƙame a 2024. Ba su san kin riga kin tare a cikin waya ba, inda kwaɗo ba ya kamawa.

Yabo ya isa haka. Sauran maganar da ke nake, 'yar'uwa mai kwarashi, kuma babu gatse a cikinta. Burinki na shagon zare buri ne mai kyau, kada kowa ya sa ki ji kunyarsa. Garuruwanmu na bukatar irin shagon nan, 'yan matanmu na bukatar bencin nan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, cikin duk masu buri ke ce kika fi kowa sanin yadda ake haɗa babban abu daga ƙanana. Shawul ɗin da kika shimfiɗa wa jariri sarƙa dubbai ne, babu wadda ta faɗo daga sama, kowace da hannunki kika zarga ta. Caca tana rayuwa ne a kan ta sa ki raina wannan ilimin, ki ga kamar sannu-sannu ta marasa sa'a ce. Alhali masu shirya wasan su kansu da sannu-sannu suka yi arziki, da 200 ɗinki da ta maƙwabciyarki, kullum, ba fashi. Ba su dogara da sa'a ba ko sau ɗaya, lissafi suka riƙe. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Shagon zai iya farawa daga kwali ɗaya a ƙarƙashin gado. Ki sari dozin biyu, ki saƙa da ɗaya, ki sayar wa masu saƙar unguwa ɗaya da 'yar riba, su huta da kuɗin mota zuwa kasuwa. Ki ware kuɗin zare daga kuɗin cefane, ki rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a littafin nan da kike rubuta lambobi. Ki nemi mata masu amana ku kafa adashi, ko ƙungiyar da za ta riƙa saro kaya a dunƙule. Mu kuma maza da dangi da masu hannu da shuni, mu daina jira sai mace ta faɗa hannun caca sannan mu tashi da wa'azi. Rancen katan ɗaya na zare, ba ruwa, a biya bayan sanyi, ya fi doguwar nasiha amfani. Kasuwar kayan sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu take ci, kuma wadda ta tanadi zarenta tun damina ita ke cin ta. Ki goge lambar wasan daga wayarki yau, 200 ta gobe ki kai wa uwar adashi.