Dokin Injiniya Ya Fita Sukuwa

Tun da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, yayana Alhaji ya rantse ba za a bar gidansa a baya ba. Gidan a Nassarawa GRA yake, unguwar da ke cika da ƙurar dawaki kashegarin Hawan Daushe, ranar da Sarki ke kai gaisuwa Gidan Gwamnati. Doki dai Alhaji ba shi da ko ɗaya. Abin da Allah ya hore masa ɗa ne mai karatun kwamfuta, wanda tun yana ajin farko a jami'a 'yan gida ke ce wa Injiniya. Sai ya ba shi umarni ya zana doki, ya sa shi sukuwa, a nuna wa baƙi a talabijin ɗin falo. Ni aka ɗora wa sa ido, da yake ni ne baffan da ke zaune da rana.

Injiniya ya buɗe Python, ya jawo Tkinter, kayan aikin da ake gina tagogi da maɓallai da shi, ya shimfiɗa allon zane. Doguwar da'ira ta zama gangar jiki, layi huɗu ƙafafu, wani mai kusurwa uku ya tsaya a matsayin kai. Don dokin ya yi tsalle, ya ƙara masa lamba a tsaye. Dokin ya nutse ƙasa ya ɓace. A makaranta an koya masa cewa lamba in ta ƙaru sama take yi, amma a wannan allo sifili yana kusurwar sama ta hagu, ƙidaya kuma gangarowa take.

Ya tono shi, ya ce ya yi gabas. Gangar jiki ta kama hanya, ta bar kai da ƙafafu tsaye suna jiran ikon Allah.

"Baffa, ai kowane yanki da tasa lambar," in ji shi, yana share gumi. Sai da ya liƙa wa dukkansu laƙabi guda suka yarda su tafi tare.

Babbar rigimar ta zo ne wajen lokaci. Ya rubuta umarni mai maimaita kansa: matsa kaɗan, huta kaɗan, matsa kaɗan. Tagar ta daskare ƙam, maɓalli ya daina amsawa, can sai ga dokin ya bayyana a ɗaya gefen ba tare da kowa ya ga tafiyarsa ba. Dalili shi ne shirin taga ma'aikaci ɗaya gare shi: shi ke sauraron linzami, shi ke sabunta zane. In ka tsare shi da dogon aiki, zanen ba ya samun mai kula da shi. Maganin shi ne ka matsar da dokin taku ɗaya, ka sallami ma'aikacin, ka ce ya dawo bayan kashi 40 cikin 1,000 na daƙiƙa. Hoto 25 ke nan a daƙiƙa, fim ɗin silima ma 24 yake yi.

Alhaji ya leƙo, ya daɗe yana kallo. "Wannan doki ne, ko tebur ake ja?"

Yana da gaskiya, ƙafafun sandararru ne. Nan fa aka koma ga hotunan Eadweard Muybridge, wanda a 1878 ya jera kyamara 12 a Palo Alto ta Amurka, da kuɗin tsohon gwamnan Kalifoniya Leland Stanford, ya nuna cewa doki mai sukuwa kan ɗauke kofato huɗu daga ƙasa lokacin da ƙafafun ke tattare ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba yadda masu zane suka saba yi. Injiniya ya kwaikwayi zubin. A ganina a nan kaɗai dokin ya cancanci sunansa.

Ranar hawa falo ya cika. Injiniya ya danna maɓalli, doki ya ɗauki sassarfa, aka yi ta "Masha Allah". Sai ƙanwarsa, autar gidan, ta samu linzamin ta shiga dannawa ba ƙaƙƙautawa. Kowace dannawa sabon agogo take tayarwa a kan na farko, saboda haka gudun ya yi ta hauhawa, kuma babu wanda ya tuna ya gaya wa dokin inda allo ya tsaya. Ya fice ta dama. Wani dattijo har da leƙa bayan talabijin.

"Ina dokin?" in ji Alhaji.

"Baba, yana nan yana gudu, lambarsa sai ƙaruwa take. Allon ne ya ƙare."

Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya juyo gare ni a gaban baƙi. "Gobe ka shiga kasuwa ka tambayo mini kuɗin talabijin ɗin da ya fi wannan faɗi."