Robar Tsotson da Ta Kai Ni Biko

Wata uku da haihuwar 'yarmu, babu wanda ya ƙara barcin kirki a layinmu. Da an idar da isha'i sai ta buɗe maƙogwaro, ba ta saukewa sai ladan ya kira assalatu. Uwarta ta goya, ta jijjiga, ta zagaya tsakar gida har ta kusa haddace taurarin Gumel. Ana haka ƙanwar matata mai karatun jinya ta zo hutu, ta ce a sayo "fasifaya", wata 'yar roba mai kamar kan nono da ake sa wa jariri a baki. Haka Amurkawa ke kiranta, in ji ta, mutanen Ingila kuma su ce "dami".

Ni kuwa shekarata 11 ina koyar da Hausa. Na duba ƙamus, na ga asalin kalmar mai kwantar da tarzoma take nufi. Na ce wallahi ba zan tsaya gaban ɗan kasuwa ina karya harshe ba, alhali muna da kalmomi rumbu guda. Kemis ɗin bakin layinmu ma raina shi na yi. Na jira Alhamis na hau mota sai Maigatari, don in dai abu yana duniya, to ranar yana can: shanu da raƙuman Nijar cike da kara, buhunan riɗi da zoɓo, 'yan canji na kaɗa naira da sefa.

Wajen mai koli na fara. Na ce, "Malam, abin rarrashi nake nema." Ya miƙo min kacau-kacau. Gaskiyarsa, rarrashi ai na yaro ne mai kuka. Na ce ba shi ba, na baki ne. Ya miƙo alewa. Na ce wata uku gare ta. Ya kalle ni kamar ni ne mai wata ukun.

Sai na sauya kalma. A aji kullum ina gaya wa ɗalibai lallashi da rarrashi ɗanjuma ne da ɗanjummai, amma a rumfar wata Hajiya mai turare na gane ba haka kasuwa ta ɗauka ba. Ina cewa "kayan lallashi" ta gyara zama.

"Fushi ta yi da kai ko, ɗana?"

"Kullum da daddare, Hajiya. Kuka har asuba."

"Ayya! Sabuwa ce?"

"Wata uku."

Kafin in ankara ta ƙulle min humra, turaren wuta da wani garin da ta ce a dama da nono. Ta yi ta yi mini ban-baki, wato irin maganar da ke sa mutum ya yi abin da bai yi niyya ba, har na biya. Lallami kuwa, wanda shi ma ɗan gidan ne amma da 'yar dabara a cikinsa, ranar na gan shi ido da ido, kuma ni aka lallame.

Rana ta take, haƙurina ya ƙare. Na tsaya gaban wani mai kayan roba na ɗaga murya: "Abin toshe baki nake so! Toshiya!" Rumfar ta yi tsit. Wani mai babbar riga ya ja baya yana waige-waige, don toshiyar baki a kusa da kan iyaka ba maganar da ake yi da ƙarfi ba ce. Abin da ban lura ba shi ne, a bayana akwai wata gwaggon matata daga Gagarawa, ta zo sayen ƙwarya. Kunnenta bai kama "toshiya" ba, "toshi" ya kama, wato kyautar da saurayi ke kai wa budurwa. Ta dubi ledar humrar da ke hannuna, ta haɗa lissafi, ta ciro waya.

Da la'asar na iso gida na tarar da ƙofa a rufe. Yaron maƙwabta ya ce Anti ta tafi Sule Tankarkar da jaririya da akwati. Daren nan layinmu ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Ni kaɗai na kwana ido biyu.

Bayan sallar Juma'a na ɗauki kawuna muka tafi. A hanya yake koya min darasi, ni malamin Hausa: wai wannan tafiya ba sulhu ba ce, sulhu na masu rigimar gona ne, sasanci kuma sai da na uku a tsakani. Wannan sunanta biko, kuma jarinta ban-haƙuri, ko kana da laifi ko ba ka da shi. Na cire takalmi tun daga ƙofar zaure, na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Malam, in ƙari za ka yi ai ba haramun ba ne," in ji surukina. "Amma da jego?"

"Baba, wallahi robar baki na je nema."

"Robar me?"

Na yi ta kwatance da yatsa a baki, gaban dattijon da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Kawu ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa na rawa. Daga cikin gida na jiyo dariyar mata. Humrar ce dai ta cece ni, da aka shigar da ita a matsayin kayan biko.

Da muka dawo na shiga kemis ɗin da na raina. Yaron shagon tsohon ɗalibina ne, wanda na taɓa kayarwa a jarrabawa. Ban gama kwatance ba ya ce, "Au, robar tsotso, Malam?" Ya ciro ta daga ƙarƙashin kanta. Aka tafasa ruwa aka wanke, aka sa wa gimbiya. Ta tsotsa sau biyu, ta ji babu komai a ciki, ta furzar da ita bakin turke, inda akuyarmu ta riga ni kaiwa. Sannan ta cusa babban yatsanta a baki ta yi shiru, har aka idar da isha'i.