A Bar Ƙofar Gareji a Buɗe

Masu ƙera tankin babur ɗin tsere da zaren gilashi ko zaren kabon suna da wata shawara da suke ba junansu: in za ka fara shafa gam, ka rufe ƙofa, ka kori yara, kada kowa ya tsaya maka a ka. Ni ban yarda ba, kuma ba don son jama'a ya dame ni ba. Aikin nan in zai lalace ba ya duba ko da mutane ko babu, kuma idan ya lalace abu ɗaya tak ke saura wanda za ka ci moriyarsa har tsufa, wato maganar da ɗan kallo ya yi a daidai lokacin. Wanda ya rufe ƙofa ya yi asarar kuɗi, ya yi asarar gumi, sannan ya haɗa da asarar wannan.

Hanyar da mai ƙaramin ƙarfi ke bi ba ta da wuyar faɗa. Ka samo farin soson nan da ake tokare firiji da shi a cikin kwali, ka sassaƙa, ka goge da samfefa har ya ɗauki siffar tanki, da lotsawar da gwiwoyin mahayi za su shiga. Ka lulluɓe shi da ƙyallen zare, ka jiƙa da gam, ya daskare, sannan ka zuba asiton ta bakin tankin ya cinye soson, a bar ka da ƙoƙo mara nauyi. Tun farko dai an shirya soson zai narke, rigimar duk a kan yaushe ne. Gam ɗin iri biyu aka fi samu: ifoksi mai tsada, da foliyesta mai araha wanda masu gyaran kwale-kwale ke aiki da shi. Na biyun cike yake da wani sinadari, sitairin, shi kuwa soson da sitairin ɗin aka yi shi, kuma kusan kashi 98 cikin 100 na jikinsa iska ce kawai. Gam na taɓa shi ya gane ɗan'uwansa, sai zumunci ya tashi.

Mu tsaya a kan wannan minti, don a kansa hujjata ta dogara. Shafar burushi ta farko ba ta nuna komai. Ta biyu ma haka, har ka ja da baya ka karkata kai yadda gwanaye ke yi. Sai ka lura wurin da ka fara taɓawa ya ɗan lotsa. Ka ce ƙyallen ne bai kwanta ba, ka ƙara masa gam. To, ka ba shi guzuri. Lotsawa ta zama rami, ramin ya kama hanya, gadon bayan tankin ya fara zama a hankali kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Babu ƙara, babu wuta, babu abin da zai ba ka uzurin rugawa waje. Kana tsaye hannaye biyu a sama, safar hannu ta kwashi zare ta manne, ba ka iya riƙe komai, ba ka iya ko sosa hanci, wanda kuma a lokacin ne ya ga damar yin ƙaiƙayi. Sauran gam ɗin da ka riga ka zuba wa maganin daskarewa yana can cikin gwangwani yana ɗumi, yana cin mintocinsa. Kuma abin takaicin shi ne zai cika alkawari. Zai daskare. Abin da ke gabanka ba zai yi maka mutuncin ɓacewa ba, zai ƙame a yadda ya faɗi, da ƙarfin da guduma ma sai ta yi da gaske. A nan ne dattijon da tun hantsi yake tsaye, hannu a baya, zai matso ya leƙa ya ce, “Injiniya, haka ake so ya yi?”

A sake sauraron tambayar. Babu ba'a a cikinta, kuma nan ne dafinta yake. Da dariya ya yi maka, da ka samu wanda za ka yi wa fushi. Shi da zuciya ɗaya ya tambaya, a shirye yake ka ce eh ya yarda. Shirun da ka yi shi ke buɗe masa ƙofar taimako. “Matsar da shi inuwa, rana ce.” Ba rana ba ce. “Yayyafa masa ruwa.” “Juya shi mana, wataƙila ƙasan na nan lafiya.” “Ko ka sa baki ka hura, ƙila ya tashi.” Daga nan sai babbar fatawa: “Ai sabulu ake shafawa.” Wannan ina girmama ta, don tana da asali. Fetur ba ya narkar da sabulun wanki, shi ya sa direbobi ke toshe ɗan yoyon tankin ƙarfe da shi har su isa gari. Matsalar kawai ita ce sai an samu tanki kafin ya yi yoyo.

Mai hankali zai ce duk wannan sakaci ne: karanta jikin gwangwani, sayi ifoksi, naɗe soson da salatif, shi ke nan. Gaskiya ne, amma ɗage ranar kawai ya yi. Tankin da ya fito sumul yakan zo da ƙananan huji da ido ba ya gani, fetur kuwa yana gani. Hanyar gano su ita ce a hura masa iska kaɗan a shafe shi da ruwan sabulu a jira kumfa, kuma ranar da dattijo ya gan ka da sabulu a hannu ba ka da sauran magana a unguwar. Manyan ma ba su tsira ba. A 1972 Paul Smart ya ci tseren Imola a Italiya a kan Ducati mai tankin zaren gilashi, wanda aka bar wa wani zirin da ba fenti don a riƙa ganin inda mai ya tsaya. Shekara ɗaya bayan haka, a 1973, Birtaniya ta hana sa wa sababbin baburan titi tankin da ba na ƙarfe ba. Waɗanda suka rage sai itanol ya same su. Tun da aka koma fetur mai suna E10, wanda ake gauraya da itanol, a gidajen man Birtaniya a Satumban 2021, masu tsofaffin babura ke fargaba, don itanol na laushe foliyesta, narkakken gam ya bi mai ya toshe kafireto. Kamfanoni masu injiniyoyi ke nan, kuma a rufe suka yi nasu aikin.

Saura masu cewa shawarar ɗan kallo shirme ce zalla, ɓata lokaci ne sauraronta. A nan ma ina da ja, don yana da wata ta ƙarshe da yake ajiyewa sai ya juya zai tafi: “Ni dai da ni ne, jarka zan ɗaura.” Jarka da robar foliyetilin ake yin ta, wadda fetur bai dame ta ba, itanol ma haka, kuma irin robar ce kamfanoni ke zuba tankunan baburan tseren jeji da ita. Ko a gasar MotoGP lita 22 aka ƙayyade wa tanki. Jarkar dattijon lita 25 ce, kuma da marfinta ta zo.