Ku masu cewa inji sai da hayaki

Malam Mai Gardama, na ji ka. Wai injin da ba ya ƙara, ba ya hayaki, kayan wasan yara ne, ba zai hau tudu da buhu biyu ba. To, ajiye kofin shayin tukuna.

A cikin injin babur mai batir akwai maganadisu da ke juyawa, da kwayil kashi uku na wayar jan ƙarfe. Ƙarfin murɗa taya ya dogara da yawan wutar da aka ba kwayil da kuma daidai lokacin da aka ba shi. Kontirola mai araha kwayil bibbiyu yake kunnawa, yana sauya su sau shida a kowane zagayen wuta, kuma duk sauyi ƙarfin yakan ɗan faɗi ya tashi. Wannan ne fizgar da gurnanin da kuke yi wa dariya a majalisa in babur zai tashi. Kun kama ɓarawo, amma ba shi ne ya yi satar ba. Maganadisun lafiyarsa lau.

Tun farkon shekarun 1970 Felix Blaschke na kamfanin Siemens a Jamus ya fito da dabarar raba wutar gida biyu ta hanyar lissafi: kashi ɗaya na filin maganadisu, ɗaya na murɗawa, kowanne a sarrafa shi daban. Lokacin wasunku ko suna ba a raɗa musu ba. Yau ɗan ƙaramin guntun kwamfuta ke yin lissafin sau dubbai a daƙiƙa guda, wutar ta shiga a hankali ba tangarɗa. A 1986 Takahashi da Noguchi na Japan suka wallafa wata hanyar da ke sarrafa ƙarfin murɗawar kai tsaye, kamfanin ABB ya kai ta kasuwa a 1995. Toyota kuwa tun 1997 ta sa irin wannan inji mai maganadisu a motarta Prius. Su ma wasan yara suke yi, ko?

Kuma injin nan tun yana tsaye yake iya ba da cikakken ƙarfinsa. Naku na fetur sai an kama kuloci, an yi ta ba shi wuta, unguwa duk ta farka.

In za ka saya, ranka ya daɗe, tambayi mai shago wane irin kontirola ne a ciki. Sannan ka ɗora buhunan naka, ka tashi a hankali daga gindin tudu.