A Kwashe Masa Kafin a Sa Nama

Kwanakin nan a unguwarmu nan Kazaure, in aka zauna hira bayan la'asar ba a tashi sai an taɓo zancen yaron nan da ya bar cin nama. Ɗan maƙwabcinmu ne. Ya je karatu ya dawo, ya roƙi mahaifiyarsa ta riƙa kwashe masa miya kafin a sa nama. Kifi ma ya bari, da ƙwai, da nono, har man shanu. Ya ce tun ranar da ya ga yadda ake cusa shanu a tirela, a ɗaure, ana nausawa kudu da su kwana da kwanaki, ransa ya fita daga nama. Wasu suka ce ciwo yake ɓoyewa, wasu suka ce aƙidar Turawa ya kwaso. Gaskiya ne a Ingila wani Donald Watson da abokansa sun kafa ƙungiyar masu irin wannan ra'ayi tun 1944. To amma Kiristocin Habasha sun riga su da nisa, don su Laraba da Juma'a ba sa taɓa nama ko madara ko ƙwai.

Uwar ta kwana tana tunanin me za ta dafa masa. Da gari ya waye sai ta ga ashe tukunyarta ce dai ta kullum. Mu faɗa wa juna gaskiya, gida nawa ne a ƙauyukan Gwiwa ko Roni ake ganin tsoka a miya kowace rana? Nama a wurinmu sai ranar kasuwa, sai suna, sai Babbar Sallah. Sauran kwanakin tuwon dawa ne da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. Da hantsi ɗan wake da man gyaɗa da yaji. Da damina kuwa kwaɗo ya samu: zogale, rama, tafasa, a zuba ƙuli-ƙuli da albasa. Ga riɗin da Jigawa ta yi suna a kansa, a yi miya da shi, a yi kantu. Kunya ce kawai take sa mu ɓoye kwano in baƙo ya yi sallama, muna cewa ai yau miyar lami ce.

Kuma wace miya ce lami in akwai daddawa? Ku dubi wahalar da tsofaffin nan suke sha a kanta. A dafa kalwa wuni guda har ta yi laushi, a surfa, a wanke ɓawon tas, a sake dafawa, a rufe ta ruf a ajiye kwanaki har warin nan ya tashi, wanda yara ke toshe wa hanci manya na murmushi. Sannan a kirɓa, a mulmula, a shanya a rana. Ɗan ɓari kaɗan ya ishi tukunya. Iyayenmu kuma da suke haɗa wake da hatsi sun san abin da suke yi, don abin gina jiki da ya yi ƙaranci a gero da dawa yana nan a wake da gyaɗa. Yanzu ga awara ta shigo ta zauna daram. Kowane lungu akwai yarinya da kaskonta: a jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami ya dunƙule, a ɗaure a buhu a danne da dutse, a yayyanka a soya.

A waje ne yaron yake shan tambaya. Wurin mai shayi ruwan bunu yake karɓa da burodi. A tasha in ya ce ban da nama, mai abinci tsame tsokar kawai take yi, alhali da romon aka haɗa miyar tun asuba. Shi ya sa ya koma garau-garau, ko ƙosai da dankali, ko rogo da ƙuli. Awara ma sai ya ce kada a tsoma masa a ƙwai.

Duk wannan mai sauƙi ne. Gidan dangi shi ne aiki. Mu mutane ne da in muna son ka kaza muke yanka maka. Ya je gaida gwaggonsa a Babura, can wajen iyakar Nijar inda nono ba ya yankewa. Ta dama masa fura da kindirmo, ta sa aka kama zakara.

"Haba ɗan nan, zakaran da na yanka dominka?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri, Allah ya saka da alheri. In da sauran kuka a kaɗa mini, furar kuma a dama da ruwan tsamiya."

An ce har ya baro garin fuskarta ba ta saki ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Zakaran nan ita ta san hatsin da ya ci mata. Kamata ya yi yaron ya aika tun kafin ya taso, kada a yanka. Mu ma mu rage tilasta wa mutum loma da sunan kara. Wani malami a majalisarmu ya kashe gardamar da kyau. Ya ce nama halal ne, ba mai haramta shi, amma wanda ransa bai so ba, ba a kama shi da laifi, muddin bai ce haramun ne ba. Ya tuna mana cewa an kawo wa Annabi (SAW) naman damo bai ci ba, bai kuma hana ba, Khalid bin Walid ya ci a gabansa.

Abu ɗaya ne nake tsoro, na kuma faɗa wa uwar. Akwai sinadarin bitamin B12 da ba a samunsa a hatsi ko wake ko ganye, sai a nama da kifi da ƙwai da nono. Jiki yana ajiye shi, don haka rashinsa ba ya nunawa da wuri, sai daga baya a ga ƙarancin jini, kasala, da mutuwar yatsu. Mu ɗan nonon fura da naman lokaci-lokaci ke rufa mana asiri. Wanda ya yanke su gaba ɗaya dole ya nemi ƙwayar a kantin magani, ya riƙa zuwa ana duba jininsa. Mai ciki da mai goyo da ƙananan yara kuwa kada a jarraba da su ba tare da shawarar likita ba.

Yanzu matan unguwa sun bar zancen ciwo, sun koma lissafin bikinsa. Sun riga sun yanke cewa waina za a yi, miyar taushe tukunya biyu, ɗaya da kan sa, ɗaya kabewa da gyaɗa da yakuwa zalla. Gardamar da ta rage ita ce wa za ta tsaya a kan ludayi kada a cakuɗa.