A Ɗan Ƙara Mata Ƙarfi

A garin nan ba a yin ƙorafi a banza. Ka ce kanka na ciwo, kafin ka rufe baki mutum uku sun rubuta maka magani, na huɗu ya tafi kawo wanzami. Ni abin da na ce kawai, a gaban baƙi bayan sallar Juma'a, shi ne kwamfutata tana nawa wajen tashi. Ban ce a taimaka ba. Ban ce akwai lada ba. Amma farkon makon nan na dawo gida na tarar da ita kwance a tsakar falo an farke mata ciki, ɗan 'yar'uwata na tsugune a kanta da sukudireba a baki, gumi na ɗiga a kan wayoyi.

"Kawu, sannu da zuwa. Afgirad nake mata."

Ita dai wannan baiwar Allah irin siraran kwamfutocin ofis ɗin nan ce da Turawa suka gama cin moriyarsu, aka loda su a kwantena zuwa Legas, suka bi ta Alaba ko Computer Village ta Ikeja, har suka sauka Beirut Road a Kano. Furosesarta Core i3 ce ta zamanin 2012. Aikinta uku ne a duniya: in buga wannan shafi, uwargida ta yi lissafin adashe, yara su kalli katun. Ba ta taɓa neman mulki ba. Laifinta ɗaya, idan ka kunna ta sai ka yi alwala, ka yi nafila, ka dawo ka tarar tana tunani.

Yaron ya ce ya gano cutar: girafik ne ba ta da shi. Na ce ni rubutu nake yi, ba zane ba. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ce shayi ba ya buƙatar madara. "Kawu, komai yanzu girafik ne." Daga baya na fahimci cewa "komai" ɗin nan sunansa eFootball da GTA, kuma abokansa sun riga sun sa ranar gasa a falona.

Katin girafik ɗin da ya sayo, da kuɗina ba shakka, GTX 1060 ne, fitowar 2016. Mai shagon ya rantse masa cewa "Landan yus" ne, wata tsohuwa ce ta yi amfani da shi, ita ma ranar Lahadi kawai take kunnawa. Wannan tsohuwa ta Landan, Allah ya ja da ranta. Ita ce ta hau duk motar da ake sayarwa a bakin titi, ita ce ta riƙe duk wayar da ke Farm Centre, yanzu kuma ashe har gem take bugawa. Ko ranar Lahadin nawa ce a makonta, oho.

Abin da mai shagon bai faɗa ba shi ne inda irin waɗannan katuna suka yi ƙuruciyarsu. Shekaru aka yi ana jera su ɗari-ɗari a manyan ɗakunan ajiya suna haƙo Ethereum, ba dare ba rana, ba hutun Sallah. Da aka sauya tsarin Ethereum a Satumban 2022, aka daina haƙo shi da katin girafik, sai masu su suka kakkaɓe musu ƙura, suka saka su a leda mai sheƙi, suka turo wa duniya. Mu kuma duniya ce. Wannan ma idan ka yi sa'a katin na gaske ne. Akwai wanda za a ɗauko tsohon GTS 450 na 2010, a sauya masa suna daga ciki, kwamfuta ta riƙa karanta shi a matsayin GTX 1050 Ti, sai ka buɗe gem ya tona wa kansa asiri.

Tun da an ambaci haƙo, bari in ɗan ratse. Mu da muka ga 2024 ba za a yi mana burga da mainin ba. Na ga mutum da furfura a gemu yana danna ɓeran Hamster Kombat a wurin zaman makoki, hannu ɗaya na amsa gaisuwa, ɗaya na cikin aljihun riga yana aiki. Na ga ango yana dannawa ana ɗaura masa aure. An yi mai shayi da ya bar madara ta ƙone saboda lokacin karɓar kyautar yini ya kusa fita. Kowa ya zaɓi motar da zai saya, wasu har sun fara canza tafiya, wasu sun daina amsa sallamar masu bin su bashi don raini. Da ranar biya ta zo a ƙarshen Satumba, majalisu suka yi tsit, mutane da yawa suka lissafa suka ga ko kuɗin datan da suka ƙona bai dawo ba. Yau waɗancan masu dannawar su ne suka rikiɗe suka zama masana kwamfuta. Yatsan bai huta ba, sana'a kawai ya canza.

To, mu koma falo. Katin ya ƙi shiga. Ita kwamfutar siririya ce, shi kuwa mai ƙiba ne da fanka biyu. Aka tura, aka karkata, aka yi bismilla, aka cire wani ƙarfe da yaron ya ce "ba shi da amfani", har ya zauna a raminsa, amma kafaɗarsa na waje. Sai kuma maganar abinci ta taso. Ramin da ake soka katin wat 75 kawai yake bayarwa, shi kuwa wat 120 yake ci, sai an ja masa wata waya mai baki shida daga fawa-fak. Fawa-fak ɗinmu na wat 240 ne, bai ma san da irin wannan waya ba, masu katin kuma sun ce a nemi na 400. Aka koma kasuwa. Sabon fawa-fak ya zo, shi ma ya fi ƙarfin ɗakin da aka tanadar masa, don haka aka ajiye shi a waje kan kujerar tsuguno ta uwargida, wayoyinsa suka miƙa ciki. Aka sayo ram, aka dawo aka ga DDR4 ce, mazabod ɗin kuma DDR3 yake karɓa, tsagar ma ba wuri ɗaya take ba. Na kama yaron yana kallon ram ɗin yana kallon abin yankan farce. Na ce kul.

A nan aka ce sai an kai wa Injiniya. Kun san shi. Duk wanda ya mallaki sukudireba biyu da tsohon buroshin goge baki, Injiniya ne. Ya dubi aikin, ya yi tsaki, ya tambayi wane jahili ne ya taɓa ta, alhali jahilin na tsaye a gabansa, kuma a shagon maƙwabcinsa aka sayi kayan. Ya hura ƙura, ya shafa wa furosesa farin mai, ya ƙara wata fanka mai fitilu bakwai da ba wanda ya tambaye shi. Da na ce murfin fa, ai ba zai rufu ba, sai ya ce, "Alhaji, bar ta haka, ta fi shan iska."

Shan iska. A Kano. Da hazo a bakin ƙofa.

Murfin nan shi nake so mu yi magana a kai, domin a duk cikin wannan hidima shi kaɗai ne ya ci gaba. Shekara da shekaru yana manne a gefen kwamfuta ba wanda ya san da zamansa. Ranar da aka sallame shi, kafin la'asar uwargida ta shanya kuɓewa a kai. Ta ce ba ta taɓa samun faranti mai ɗaukar rana irinsa ba, baƙin ƙarfe ne, ga ƙananan huji a gefe da iska ke bi. Washegari ya yi tattasai. Da yamma yara suka mai da shi allon makaranta, da dare ya rufe bakin rariya saboda ɓeraye. Maƙwabciya ta leƙo ta gani, ta aiko a ara mata za ta shanya daddawa, ta gidan gaba ta ji labari ta sa layi. Yanzu haka akwai jadawali. An fara ƙananan maganganu a unguwa cewa wance ta riƙe shi ya kwana alhali ba ranarta ba ce, kuma wai uwargida na nuna bambanci wajen bayarwa. Wani ɗan gwangwan ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga shi, ya auna a hannu, ya yi tayi, uwargida ta ce albarka. Ita kwamfutar da ke ciki da sabon kati da sabon fawa-fak ba wanda ya taya ta ko sisi. Jiya na ji ana shawarar ko a cire ɗaya gefen ma, tunda damina ta wuce, kayan miya sun yi araha. Har an tambaye ni ko kwamfutar ofishinmu ita ma tana da murfi.

Ita kuwa uwar gayyar, aka dawo da ita gida aka kunna. Fitilu suka kama, ja, kore, shuɗi, falo ya koma gidan biki. Fankoki uku suka ɗauki kuka. Yaran unguwa suka cika taga. Muka zauna muna jira, kuma ta ɗauki daidai lokacin da ta saba ɗauka, har da ɗan ƙari. Dalili kuwa, abin da ke sa ta nawa yana nan inda yake: tsohon had-disk mai faifai, wanda ke juyi sau 7,200 a minti yana laluben fayil da allura. Maganinsa SSD, ɗan abu marar motsi da ke karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, ninkin tsohon sau da yawa, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na katin ba. Kowane Injiniya ya san haka. Yaron ma ya sani. Amma SSD ba ta da fitila, ba ta da fanka, a wani lungu ake ɗaure ta, baƙo ba zai shigo ya ce ma sha Allah ba. Wa zai kashe kuɗi a kan abin da ba a gani? Mu da za mu sa wa mota sababbin fitilu da hon mai kiɗa, birki kuma a bar wa Allah.

Ban gama da katin ba. Allon kallonmu tsoho ne, wayar VGA mai shuɗin kai kawai ya sani, katin kuma ba shi da wannan rami. Da Injiniya ya ga haka sai ya mayar da wayar tsohon raminta na jikin mazabod, ya karɓi kuɗinsa. Wato katin yana ciki, yana juya fanka, yana shan wuta, hoto kuma ta tsohuwar hanya yake fita. Mun ɗauki ma'aikaci, mun gina masa ofis, mun ja masa layin abinci na musamman, ba a ba shi ko takarda ɗaya ya sa hannu ba. Mitar wuta ce kawai ta san an yi afgirad. Wanda ke Band A, tun da aka kai yunit naira 225 a Afrilun 2024, ya san yadda mita ke gaisawa da irin wannan baƙo.

Duk wannan da dariya na ɗauke shi. Inda dariyar ta tsaya shi ne da na nemi fayilolina. Babu. Injiniya ya yi fomat. Ba wanda ya ce ya yi, ba abin da ya haɗa sa kati da goge had-disk, amma hannunsa ya saba, shi ne gaisuwarsa ga kowace na'ura. Rubuce-rubucena na shekaru, lissafin adashen mata goma sha, da hotunan marigayi mahaifinmu na dawowarsa daga Hajji, waɗanda ba su a wurin kowa. Da na koma, ko tashi bai yi ba, ya ce, "Alhaji, ba ka da bakof ne?" Wato ni ne ma zan amsa tambaya. Wannan ɗabi'a ba ta da wani suna sai rashin mutunci. Mutum ya kawo maka amanarsa, minti ɗaya na tambaya ya gagare ka, ka share masa abin da kuɗi ba ya saye, sannan ka cika masa kwamfuta da manhajojin sata guda talatin da bai san su ba, ka ce kyauta ce. Tela ba ya yanka shadda sai ya tambaya. Makanike ma, duk abin da ake faɗa a kansa, yakan kira ya ce zai sauke inji. Kai da ake kira Injiniya fa?

Kuma wai don a yi min ta'aziyya, ya ce ya so ya sa min Windows 11 amma ta ƙi. Dole ta ƙi. Microsoft ta ce sai mai TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, tamu kuwa ta ƙarni na 3 ce. Windows 10 da take kai an rufe mata tallafi na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025. Ya ce ba matsala, akwai hanyar zagaye, amma gara a canza furosesa. Furosesa sabuwa ba ta hawa wannan mazabod, sai a canza mazabod. Sabon mazabod ba ya zama a wannan akwati, sai a canza akwati. Na ce to me ya rage na kwamfutata? Ya yi shiru, ya duba, ya ce wayar wuta tana da kyau.

Gyaran gangar Abzinawa kenan, kuma idan aka tara abin da aka kashe, da ya sayi wata 'yar kwatano mai ƙarancin shekaru, da murfinta a rufe. Yaron yanzu ya ce matsalar allon kallo ce, ya ga wani mai lanƙwasa a kasuwa, na wata tsohuwa.

Matan adashe suna zuwa ranar Asabar a yi lissafi da baki, kowa da abin da ta tuna ta zuba. Ina roƙon duk wadda murfin ke hannunta a layinmu, don girman Allah ta wanke shi ta dawo da shi kafin ranar, ba don kwamfuta ba, a kansa za a raba goro.