Ranar da Gwaggo Ta Gwada Manhajata

A aji uku na jami'a aka koya mana gwajin manhaja. Malam ya ce akwai gwajin baƙin akwati, inda kake ba manhaja abu ka ga me za ta mayar maka ba tare da ka leƙa cikinta ba, akwai kuma na farin akwati, inda kake bin layukanta ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kuskure a bakin iyaka yake laɓewa: sifili, adadi mafi girma, gurbin da aka bari fanko. Har ya kawo labarin rokar Ariane 5 ta Turai da ta tarwatse a 1996, daƙiƙa kamar 40 da tashinta, don an cusa babban adadi a ma'ajin da ya yi masa kaɗan. Duk muka jinjina kai, amma ni lissafin kuɗin Keke zuwa Kawo nake yi.

A aikin ƙarshen zango na zaɓi manhajar adashi, tunda gwaggona uwar adashi ce a Unguwar Kanawa. Na gwada da Musa, Bala, Audu, kowa naira 1,000. Komai ya fito kore shar. Na saɓa kwamfuta sai gidanta, ina tafe ina jin kaina.

Suna na farko a littafinta Asma'u ne. Na shigar, allo ya yi ja. Sa'adatu, ja. Rabi'atu, ja. Ashe ɗan waƙafin nan na sama shi ne alamar rufe magana a harshen SQL na rumbun bayanai, sai manhajar ta ɗauka suna ya ƙare a "Asma", ta rasa yadda za ta yi da sauran.

Na ce, "Gwaggo, bari mu cire alamar kawai."

Ta ce, "Kai yaro, sunan da aka yanka wa rago za ka gutsure?"

Muka wuce. Sai ga mai hannu biyu a adashin, manhaja ta ce ba a sa suna ɗaya sau biyu. Sai wasu kishiyoyi masu rabin hannu kowacce, ni kuwa ban san ana raba hannu ba. Ina cikin share gumi jikanta ya danna alamar ragewa a gaban 5,000. Manhajar da ta ƙi Asma'u ta karɓi wannan hannu bibbiyu, ta sanar cewa ana bin Gwaggo bashin naira 5,000. Matan da suka zo zubi suka fara kallon juna.

Gwaggo ta rufe kwamfutar da kanta, ta jawo littafi da biro, ta ce a ba ni ruwa in sha.

'Yan uwa ɗalibai, kafin ku kai aikinku gaban malam, ku fara kai wa gwaggonku. Ita ba ta rage maki, sai dai duk unguwa za ta ji labari.